Awa Gudar da Aka Ƙara wa Jirgin Lyon

Ƙanwata ta haihu a Lyon wata ranar Asabar, mako biyu kafin lokacin da likita ya ɗibar mata, Inna kuma ta sauka Paris ranar Litinin. Suna ke nan Asabar mai zuwa. Jaririyar jikar Inna ce ta fari. Saboda ita Inna ta yi wata huɗu tana bin takardun biza, ta yi zaryar Zinder zuwa Yamai har sau uku a mota, da gwiwoyin da ko dakalin ƙofar gida sai ta dafa bango take hawa. Tun ranar Lahadi ƙanwata ta kira ni daga gadon asibiti, murya ƙasa-ƙasa, ta ce sun yanke shawara da mijinta sunan Inna za a sa wa yarinyar, kuma ba sa so ta sani sai ta ji daga bakin liman.

"Yaya, don Allah ka kawo mini ita, a faɗi sunan tana zaune. Fuskarta nake son gani."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ai tafiyar awa biyu ce a jirgin ƙasa mai gudun nan. Har dariya na yi mata.

Lokacin ina zaune a Saint-Denis, a gefen Paris, cikin ɗaki guda wanda in ka miƙe ƙafa daga gado sai ta taɓa firij, ina koyar da lissafi a jami'a da kwantiragin shekara-shekara. Ba wurin sauke uwa. Don haka Inna ta sauka Sevran, a bayan garin Paris, gidan Hajiya, ƴar ƙanen mahaifinta, wadda ke ce mata Yaya. Hajiya ta shekara talatin a Faransa, ta aurar da ƴaƴa uku a nan, kuma ba abin da za ka faɗa mata game da ƙasar ba ta ce ta riga ka sani ba. Ba a wuce da Inna Lyon kai tsaye ba saboda ranar Laraba za ta ga likitan ido a Paris, ganin da na yi wata biyu ina nema mata, ni kuma ina da aji Alhamis da Juma'a. Ita kaɗai ba ta iya tafiya, ba Faransanci, ba gwiwa. Abin da ya rage mana shi ne yammacin Juma'a ko safiyar Asabar.

A gida in za ka Maraɗi, ka san tasharka, ka je ka tambaya, a nuna maka mota, ka zauna. Nan kuwa sai ka fara zaɓen inda za ka tashi, sannan ka zaɓi inda za ka sauka, domin a Lyon kaɗai wuri uku jirgin ke tsayawa: biyu a cikin gari, Part-Dieu da Perrache, ɗaya can bayan gari a filin jirgin sama. Bayan haka a tambaye ka bene kake so ko ƙasa, kusa da taga ko bakin hanya, za ka fuskanci gaba ko ba ka damu ba. Duk a waya ake yi, da ɗan yatsa. Kana cikin tunani kujeru na ɓacewa a gaban idonka, domin makon da yara ke shiga hutun makaranta ne, kowa na son barin Paris.

Tikitin farko na yammacin Juma'a ne, daga babbar tashar da ke cikin Paris, kujeru biyu a ƙasa, gefe da gefe. Na kira Hajiya ina jin kaina.

"Juma'a? Wace Juma'a? Na gayyaci matan unguwar La Courneuve su zo gaida Yaya bayan la'asar, har kaji na saye. Mace ta taso tun daga Damagaram, ka ɗauke ta kamar kayan sata ba wanda ya gan ta? Mi za a ce da ni?"

Na ce, "Hajiya, suna fa."

"Suna ai Asabar ne. Ko an maida shi Juma'a ban sani ba?"

Inna na ji, amma baƙuwa ba ta ƙaryata mai masaukinta. Na haɗiye abin da ke bakina na canja tikiti.

Na biyun a tsaye na saye shi cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na sha uku, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, gwiwar hannun wani a haƙarƙarina. Na ga safiyar Asabar, na ga Lyon, na danna. Na aika wa mijin ƙanwata hoton tikitin. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira.

"Yaya, kai da ke koya wa ɗiyan mutane lissafi, ba ka karanta abin da ke gaban Lyon ɗin? Filin jirgi ka sayo muna. Ran suna da sahe ni zan ɗauko kujeru, ni zan amso nama wajen mahauci, ni zan ɗauko liman, sannan in hita bayan gari ɗaukar ku? Part-Dieu, Yaya. Minti goma ne da gida."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo. Na sake canjawa. Wannan karon na sami Part-Dieu, amma kujerun a bene suke, ɗaya nan ɗaya can. Na tuno ƴar siririyar matakalar da ke cikin jirgin, na tuno gwiwar Inna. Sannan na tuno abin da ya fi wannan muni: daga Sevran zuwa babbar tashar dole a canja jirgi a tashar ƙarƙashin ƙasa ta Châtelet, inda mutum mai lafiya ma ke tafiya har ya fara tambayar kansa laifin da ya yi. Ga matakala mai tafiya da kanta, wadda Inna ta rantse tun ranar saukarta ba za ta ƙara taka ta ba.

Ina zaune a ofis dabara ta faɗo mini. Akwai tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin sama na Roissy, kuma daga can akwai jirgin da ke miƙewa Lyon ba tare da ya shiga Paris ba. Tsayawa huɗu ce kacal daga unguwar Hajiya a jirgin unguwanni na layin B. Na duba, ga na ƙarfe takwas da minti ashirin da shida, zai sauke mu Part-Dieu wajen goma da rabi. Liman sai sha ɗaya da rabi. Kujeru biyu a ƙasa, gefe da gefe, suna fuskantar gaba, kusa da ƙofa. Na danna, na jingina da kujera kamar wanda ya ci gasar wani abu.

Abokin ofishina, wani mutumin Tawa mai yawan hangen masifa, ya leƙo wayar ya ce, "Tashar nan jiragen Lyon ba su da yawa hwa. Cikin Paris in ka rasa ɗaya, bayan awa guda ga wani. Can in ka rasa, ka rasa."

Na ce masa shekarata tara a ƙasar nan ban taɓa rasa jirgi ba.

To akwai wata dabara da mu da muka daɗe a nan muke yi wa manya in sun zo daga gida. In abu na ƙarfe goma ne, sai ka ce tara. Awar da ka rage ita za ta tafi a alwala, da neman mayafi, da gaisawa da maƙwabciya a bakin lif, da addu'ar fita. Kowa na yi. Ba mu taɓa kiran ta ƙarya ba, ni kaina tsari nake ce mata. Ranar Laraba ganin likita na ƙarfe goma ne, na ce wa Inna tara. Abin da ban lissafa ba shi ne Inna ba irin waɗancan manyan ba ce. Tun bayan asuba ta shirya, ta ƙi karyawa don kar ta ɓata mini lokaci, ta bar wuridinta a rabi. Tara saura muna zaune a ɗakin jira, kan kujerun roba masu sanyi.

Mun yi minti arba'in sai wata mata da ke gefenmu ta ji muna Hausa, ta matso aka gaisa. Mutuniyar Maraɗi ce. Ta ga takarda a hannun Inna, ta karɓa don ta taimaka, ta duba.

"A'a, Hajiya, ai kun yi sammako. Ƙarhe goma anka rubuta muku."

Sai da muka fito, an ɗiga mata magani a ido tana ganin dishi-dishi, tana riƙe da hannuna a bakin titi, ta yi magana. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka tun ina yaro Babana take kira na. Ranar ba ta kira ni da komai ba.

"Ka san goma ce?"

"Na sani, Inna. Na dai ji tsoron kar mu makara."

"Ni ka yi wa wayo kamar yarinya? Ni da nike tashe ka tun duhu ka tafi lakkol karatu? Ban iya karatunsu ba, ban san hanyarsu ba, bakinka shi ne idona a ƙasar nan. In shi ma sai na yi mishi awo, mi ya rage mini?"

Kunya ta kama ni har wuya. Na ba ta haƙuri, na yi mata alkawari daga ranar abin da ke rubuce shi zan faɗa mata, ko minti ɗaya ba zan taɓa ba. Ta ce Allah ya sa. Da muka koma Sevran ta ba Hajiya labari, Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai duk haka suke, nata ukun ma haka suka yi mata shekara da shekaru kafin ta gano su.

Ranar Alhamis bayan na tashi aji na je na zauna gaban Inna na faɗa mata dalla-dalla. Jirgi takwas da ashirin da shida. Za mu bar gida bakwai da kwata. Ana rufe ƙofa minti biyu kafin ya tashi, kuma ba ya jiran kowa. Hajiya na gefe tana yanka albasa, ta ce, "To." Ita da ba ta taɓa barin magana ta wuce ba ta yi mata gyara ba, ranar "to" kawai ta ce. Da ina da hankali da a nan na tsaya.

Kafin in tafi na tambayi kaya. Aka nuna mini akwati ɗaya da jaka biyu, cike da yaji, kanwa, garin kunu da kilishi. Saura ƙunshi guda da ke wajen tela a La Courneuve, wata mata mutuniyar Garwa. Ciki akwai rigar da Inna za ta sa ran suna, da kuma zanen goyo, tsohon saƙi baƙi da ratsin fari wanda ta goya ni da shi ta goya ƙanwata. Bakinsa ya zare, aka ba tela ta kalmashe. Hajiya ta ce kar in damu, za a kawo.

Ranar Asabar ina idar da sallar asuba na fita, na shiga Paris na sake fitowa ta layin B. Bakwai saura minti goma na buga ƙofa. Hajiya ce ta buɗe, da ɗaurin ƙirji da ludayi a hannu. Kunu ke kan wuta. Akwati a buɗe tsakar falo, rabin kayan a ƙasa. Inna na banɗaki, ina jin ƙarar ruwa.

"Dokta, ka yi sammako. Zauna ka sha kunu."

"Hajiya, bakwai da kwata za mu fita."

"Na ji, na ji. Zauna."

"Ina ƙunshin tela?"

"Tana tahe. Na ce mata takwas."

Na ce takwas na me? Hajiya ta aje ludayi ta dube ni da irin kallon da ake yi wa yaron da ya saci sukari ya manta bai goge baki ba.

"Kai, ɗan nan, ni za ka yi wa? Shekara talatin ina ƙasar nan. Kun ce takwas, tara ce. Na hwaɗa wa Yaya ta yi barcinta, ta yi wuridinta cikakke, kar a sake kai ta ta zauna kan roba da yunwa. Teren ɗin, jirgin naku, tara da ashirin da shida ne, mun gane."

Na zaro waya na nuna mata tikiti. Ta ƙi ko kallo, ta ce ɗanta na biyu ya taɓa nuna mata irin wannan, ashe gyara hoton ya yi. Na ce wallahi. Ta ce shi ma wallahi ya ce. Ban taɓa jin haushin mutum irin na safiyar nan ba. Ina tsaye da gaskiya tsirara a tafin hannuna, an rubuta ta da manyan lambobi, ga mace tana juya kunu tana yi mini murmushi.

Inna ta fito da carbi a hannu. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, takwas da ashirin da shida ne. Na yi miki alkawari ranar Laraba." Ta dubi wayar, ta dubi Hajiya, sannan ta tsaya a fuskata. Ta daɗe tana kallo. Na ga tana so ta yarda, na kuma ga ba ta san ta inda za ta kama ba.

"Ko takwas ce ko tara," in ji ta a ƙarshe, "ba na zuwa wajen jikata ba zanen goyo."

Na kira tela. Tana cikin motar mijinta, sun tsaya shan mai, ta ce ai Hajiya ta ce ba sauri. Na roƙe ta da Hausa, na roƙe ta da Faransanci. Na durƙusa na tura kaya cikin akwati da hannuna, na hau kai na zuge. Na yi tunanin in fasa ƙwai in ce Inna, sunanki za a sa, ki tashi. Amma na yi wa ƙanwata alkawari, kuma ko na faɗa, a ɗakin nan wa zai yarda da ni? Na zauna ina kallon agogon bango, kofin kunu na hucewa a gabana.

Takwas da minti biyar tela ta iso. Sai da aka gaisa, aka tambayi yara da maigida da aiki. Sai da Inna ta warware zanen ta duba kalmasa, ta yaba. Mijin tela ya ce zai kai mu Roissy a motarsa, na ji kamar in rungume shi. Muna bakin ƙofa Hajiya ta ɗaga hannu ta ce a yi fatiha, ba a fita tafiya haka. Na shafa tun ba a kai rabi ba, Allah ya yafe mini. Hajiya ma ta yafa mayafi ta shiga mota, wai rakiya.

Takwas da talatin da huɗu muka tsaya gaban babban allon tashar. Jirginmu ba ya kai. Na tambayi wani ma'aikaci mai jar hula, ya ce ya tashi kan lokaci. Hajiya ta ture ni gefe ta tambaye shi da kanta, da Faransancinta na shekara talatin, ina na tara da ashirin da shida. Ya ce babu wani jirgi haka, na Lyon na gaba sai kusan azahar. Ta sa ya maimaita. Sai ta juyo gare ni, kuma wallahi abin da ta ce ke nan:

"To kai mi ya sa ba ka ce da gaske kake ba?"

Abin da ya zo bakina ba na faɗa wa babba ba ne. Inna ta ja hannun rigata ta ce ko akwai lambar direba, a kira shi a ce tsohuwa ce za ta sunan jikarta, ya ɗan dakata a gaba. Na ce babu, Inna. Nan na ga fuskarta ta canja, ta fahimci abin da ya faru. Hajiya ta fara salati tana tafa hannu. Na bar ta da mijin tela, na ɗauki akwati da jaka biyu, na ce wa Inna mu tafi Paris.

Duk abin da na yi mako guda ina kauce wa sai da muka bi ta kansa. Muka shiga layin B muka wuce ta Sevran ɗin da muka baro. Muka sauka Châtelet. Lif ɗin da na sani an kewaye shi da jan ƙyalle, Inna ta rufe ido ta taka matakala mai tafiya tana karanta duk abin da ta haddace, yatsunta sun nutse a damtsena. A dogon lungun nan sau uku tana tsayawa ta dafa bango, mutane na ratsa mu hagu da dama. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, abin da ya fi damuna ke nan. Muka isa babbar tashar goma saura. Na ƙarfe goma ya cika maƙil. Wanda na samu na bayansa ne, kujeru a bene, kuma a filin jirgin sama na Lyon zai sauke mu bayan sha biyu da rabi.

Na kira mijin ƙanwata. Wannan karon bai yi mini tsiya ba, ya ce zai riƙe liman iya ƙoƙarinsa, amma yana da ɗaurin aure a wani gari, sha biyu dole ya kama hanya. Ƙanwata ta karɓi wayar. Numfashinta kawai nake ji. Na ce ki yi haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Yaya," da muryar da ke nufin akwai komai.

Inna ta dubi matakalar cikin jirgin ta girgiza kai. Akwai ɗan benci a tsakanin tarago biyu, kusa da ƙofa da wurin aje kaya, nan ta zauna da ƙunshin tela a cinya. Ni na tsaya. Mai duba tikiti ya zo, ya dube ta, ya dubi gwiwar da take murzawa, ya wuce bai ce mu tashi ba. Gonaki na wucewa ta taga, da shanu farare, da ƙananan garuruwa masu hasumiyar coci. Ni ina ta gardama da Hajiya a cikin kaina, ina jera mata maganganun da ban faɗa ba, ina ƙara musu gishiri. Can wajen da na kai ga cewa wa ya ba ta izinin ƙara awa guda a kan maganata, sai na tsaya. Awar nan ba daga aljihunta ta ciro ta ba. Ni na rage ta ranar Laraba, ita mayarwa kawai ta yi.

Sha biyu saura kwata waya ta yi ƙara. Ƙanwata ce, ta kunna hoto. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin mata ta miƙa wayar wajen falo. Muna ganin bayan kawunan maza da huluna, da farar rigar liman. Na tsuguna gefen Inna na riƙe mata wayar kusa da fuska, na ƙure murya, domin ƙarar ƙafafun jirgi ta cika wurin. Liman ya yi salati, ya yi addu'a ga mai jego da uban ɗiya. Hoton na tsayawa yana tafiya. Muka ji ya ce, "Yarinya an raɗa mata suna," sai jirgin ya kutsa tsakanin wasu tuddai, fuskar liman ta daskare da baki a buɗe, waya ta yanke.

Na kira, ba ta shiga. Na sake kira. A karo na uku ta shiga, ba abin da ke fitowa sai guɗa da hayaniyar mata, sannan ta sake yankewa.

Inna ta ce, "Mi aka sa?"

Ban taɓa kama sunanta da bakina ba, ba kuma a ranar zan fara ba. Na ce, "Takwararki ce, Inna. Tun Lahadi suka yanke. So suka yi ki ji kina zaune."

Ta dube ni. Kallon safe ne ya dawo, irin na wanda ke auna magana kafin ya ɗauka. Na gane tana tambayar kanta ko lallashinta nake yi don ta rasa sunan. Wannan kallon ya fi rasa jirgin yi mini ciwo. Na buɗe baki zan ce wallahi, ta ɗaga hannu.

"Ba sai ka rantse ba, Babana. Takwas ɗin ma takwas ce."

Ta kwance ƙunshin, ta zaro zanen goyo ta shimfiɗa a cinya, ta bi sabuwar kalmasar da yatsa tun daga wannan baki har wancan. Sannan ta kai shi fuska ta riƙe. Kafaɗunta na motsi, ba sauti. Wani Bature ya fito zai shiga banɗaki, ya gan mu, ya koma. Na zauna a kan akwati ina riƙe da wayar da ƙanwata ke ta kira, ban san me zan nuna mata ba. Fuskar da ta roƙe ni in kawo mata tana cikin zane, saura tafiyar kusan awa guda mu isa.